Leonhard Euler, makahon da ya koya mana ƙirga hanyoyin canji

Duk wanda ya taɓa miƙa wa mai tebur dala goma ya tsaya jiran canji, ya shiga gonar mutumin da muka kawo muku tarihinsa yau.

An haifi Leonhard Euler ran 15 ga Afrilu 1707 a birnin Basel na ƙasar Suwis. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma ya so ɗan ya gaje shi. Amma babban malamin lissafi Johann Bernoulli ya ga baiwar yaron, ya shawo kan uban. A 1727 Euler ya tafi aiki ƙasar Rasha.

A 1740 wani malami a Barlin, Philippe Naudé, ya rubuto masa wasiƙa yana son sanin hanya nawa ake iya raba 50 kashi bakwai, ba wanda ya yi daidai da wani. Euler ya samo amsar: 522. Bai zauna yana jera su ɗaya-ɗaya ba. Kowane kashi ya rubuta masa jerinsa na aljabara, ya ninka jerin da juna, sai adadin hanyoyin kowace lamba ya fito. Ya bayyana dabarar cikin littafinsa na 1748.

Da ita ake warware lissafin canji. Mu ɗauki dala goma, muna da sulallan dala, dala biyu da dala biyar. In ba dala biyar a ciki, hanyoyi 6 ne. In akwai guda, 3. In biyu ne, 1. Jimla 10. Dala ashirin kuwa, in an ƙara da sulen dala goma, hanyoyi 40 gare ta. Da kuɗin sun yi yawa, ƙirgan hannu ya kan gaza, dabarar Euler ba ta gazawa. Da ita George Pólya ya nuna cewa dalar Amurka guda tana canzuwa ta hanyoyi 292.

Tun wajen 1738 idon Euler na dama ya mutu. A 1771 gobara ta cinye gidansa, ragowar ganinsa ma ya tafi. Duk da haka bai aje aiki ba: yana lissafi da ka, ƴaƴansa da almajiransa suna rubutawa. Haka ya ci gaba har ranar da ya rasu, 18 ga Satumba 1783, yana da shekara 76.