Ibn Nafis: Likitan da ya fara bayyana hanyar jini tsakanin zuciya da huhu

A shekarar 1924 wani likita ɗan ƙasar Masar mai suna Muhyiddin al-Tatawi, wanda ke karatu a Jamus, yana binciken tsofaffin littattafan Larabci na rubutun hannu a babban ɗakin karatu na birnin Berlin. A nan ya ci karo da wani sharhi da aka rubuta kusan shekaru 700 kafin lokacin. Abin da ya karanta a ciki ya sa masana suka sake duba tarihin ilimin zuciya, domin marubucin ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu tun kafin likitocin Turai su yi hakan da shekaru 300. Marubucin shi ne Ibn Nafis.

Cikakken sunansa Ala'uddin Aliyu ibn Abil Hazm al-Ƙarashi. An haife shi a yankin Dimashƙa da ke ƙasar Sham wajen shekarar 1213. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Zangi ya gina a 1154, a hannun shahararren malamin likitoci Muhazzabuddin al-Dakhwar. Bayan likitanci ya zurfafa a fiƙihu bisa mazhabar Shafi'iyya, da hadisi, da nahawu da manɗiƙi. Wajen 1236 ya koma Alƙahira, inda ya yi sauran rayuwarsa yana duba marasa lafiya, yana koyar da ɗalibai, har ya zama shugaban likitocin Masar kuma likitan Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277. Ya kuma karantar da fiƙihu a makarantar Masruriyya.

Kafin a gane girman aikinsa, sai an san yadda zuciya take. Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma akwai bango mai kauri da ya raba ɓangaren dama da na hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki, ya sauke iskar oksijin, yakan dawo ɓangaren dama. Daga nan zuciya ta tura shi huhu, inda zai zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauki sabuwa, sannan ya koma ɓangaren hagu, wanda ke harba shi zuwa ga dukkan gaɓoɓi. A jikin baligi akwai jini kimanin lita 5, zuciyarsa kuwa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa.

A zamanin Ibn Nafis ba haka aka fahimci lamarin ba. Sama da shekaru 1,000 likitoci na bin koyarwar Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum. Jalinus ya koyar cewa hanta ce ke samar da jini, gaɓoɓi su shanye shi, wani kaso kuma ya ratsa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a jikin bangon da ke tsakani. Ibn Sina, wanda littafinsa Alƙanun ya zama madogarar likitocin gabas da yamma, bai kauce wa wannan tafarki ba, har ma ya bi ra'ayin cewa zuciya na da manyan ɗakuna uku.

A 1242, yana da kimanin shekaru 29, Ibn Nafis ya kammala sharhinsa a kan sassan Alƙanun da suka shafi ƙirar jikin ɗan Adam. A ciki ya fito fili ya saɓa wa manyan malaman biyu. Ya ce bangon da ke tsakanin ɓangarorin zuciya toshe yake, ba shi da ƙofa ta bayyane ko ta ɓoye. Tunda haka ne, dole jini ya nemi wata hanya: ya fita daga ɗakin dama ta jijiyar da ke zuwa huhu, ya bazu a cikinsa, ya haɗu da iska, sannan ya dawo ɗakin hagu ta wata jijiyar. Ya kuma yi hasashen cewa akwai ƙananan mashigai da suka haɗa jijiyoyin biyu a cikin huhu. Ya ƙi yarda da batun ɗakuna uku, ya kuma bayyana cewa tsokar zuciya na samun abincinta ne daga jijiyoyin da ke ratsa jikinta, ba daga jinin da ke cikin ɗakin dama ba. Waɗannan jijiyoyi su ne a yau likitoci ke cewa toshewarsu na haddasa bugun zuciya mai kisa.

Wannan matsayi na buƙatar ƙarfin hali, domin a lokacin maganar Jalinus tamkar yankan wuƙa ce a makarantun likitanci. A gabatarwar littafin, Ibn Nafis ya bayyana cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa, don haka zai dogara da bayanan magabata kan siffar gaɓoɓin ciki, amma game da aikin gaɓoɓin zai bi abin da bincike da hankali suka tabbatar, ko ya dace da ra'ayinsu ko bai dace ba. Duk da haka bai rabu da dukkan tsohuwar fahimta ba. Bai kai ga bayyana cewa jini na zagaya jiki gaba ɗaya ya dawo zuciya ba. Wannan sai a 1628 likitan Ingila William Harvey ya tabbatar da shi. Kafin Harvey, Michael Servetus a 1553 da Realdo Colombo a 1559 sun bayyana hanyar jini ta huhu a Turai. Ƙananan mashigan da Ibn Nafis ya yi hasashe kuwa, Marcello Malpighi na Italiya ne ya gan su da madubin ƙara girma a 1661.

Ibn Nafis ya rayu a zamanin tashin hankali, lokacin da Mongol suka rusa Bagadaza a 1258, Alƙahira ta zama mafakar malamai. Bai daina rubutu ba. Ya tsara wani kundin likitanci mai suna Ash-Shamil da ya yi niyyar ya kai mujalladi 300, ya kammala 80. Ya yi sharhi a kan ayyukan Abuƙraɗ, ya rubuta littafi kan cututtukan ido, da wani kan ilimin hadisi, da kuma Ar-Risalatul Kamiliyya, labarin wani mutum da ya tashi shi kaɗai a tsibiri ya gano gaskiyar addini ta hanyar tunani. Masu tarihin rayuwarsa sun ruwaito cewa yakan sa a feƙe masa alƙaluma da yawa, ya fuskanci bango, ya yi ta rubutu da ka ba tare da duba littafi ba.

Sun kuma ruwaito cewa a ciwon ajalinsa wasu abokansa likitoci sun ba shi shawarar ya sha giya a matsayin magani, ya ƙi, saboda ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira a watan Disamba na 1288, daidai da shekara ta 687 bayan Hijira. Ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri, wanda Sarki Ƙalawun ya gina shekaru huɗu kafin rasuwarsa.