Ibn Batuta, alƙali ɗan Tanja da ya ga ƙasar Sin kuma ya biyo ta Takadda

Yau mun ɗauko muku tarihin wani malami wanda ƙafarsa ta taka ƙasar Sin, bayan ƴan shekaru kuma ta taka wannan ƙasa tamu tun ba a raɗa mata suna Nijar ba. Sunansa Muhammadu ɗan Abdullahi, amma duniya ta fi saninsa da Ibn Batuta.

An haife shi a Tanja, arewacin Maroko, a shekarar 1304, cikin gidan alƙalai mabiya Malikiyya irin tamu. A 1325, yana da shekara 21, ya yi sallama da iyayensa ya kama hanyar hajji. Rabuwar ke nan, bai sake ganinsu ba. Daga Makka ya yi ta gaba: Iraƙi, Farisa, gaɓar gabashin Afirka, ƙasar Turkawa, har Delhi ta Indiya wajajen 1334. Sarkinta Muhammadu ɗan Tugluk mutum ne mai yawan kyauta, mai saurin kisa. Ya naɗa baƙon nan alƙali, a 1341 kuma ya tura shi jakada ga sarkin Sin da kyauta mai yawa, ciki har da dawakai 100.

Kyautar ba ta isa ba. A tashar Kalikut an loda kaya cikin jiragen ruwa, shi ya tsaya kan tudu don sallar Juma'a. Guguwa ta taso, jirgin kyautar ya farfashe, abokan jakadancinsa suka mutu, ƙaramin jirgin da ke ɗauke da kayansa ya tafi ya bar shi da dinari 10 da shimfiɗa. Komawa Delhi a haka miƙa wuya ne ga hauni. Sai ya ratse tsibiran Maldif ya yi alƙalanci, ya bi ta Sri Lanka, Bengal da Sumatra, ya sauka tashar Zaituna, wato Quanzhou ta yau, wajajen 1345. Lokacin Mongol ne ke mulkin Sin.

Abin da ya gani ya girgiza shi. Mutane na ciniki da kuɗin takarda mai faɗin tafin hannu, ɗauke da hatimin sarki. Idan ta yage a kai ta a ba ka sabuwa, kuma ɗan kasuwa ba ya karɓar zinariyarka sai ka canza ta. Siliki ya yi arha har talaka na sa shi. Ya ga tangaran da ake kai wa ƙasashe, ya ga wata irin ƙasa da ake hura wuta da ita kamar gawayi, da alama kwal ne irin namu na Anu Araren.

Amma abin da ya fi yabawa shi ne tsaron hanya. A cewarsa mutum zai yi tafiyar wata tara shi kaɗai da dukiya bai ji tsoro ba. Kowane zango da masauki. Da magariba jami'i ya zo da magatakarda a rubuta sunan kowane baƙo a kulle ƙofa, da safe a kira sunaye ɗaya-ɗaya, a haɗa matafiya da ɗan rakiya wanda zai dawo da takardar shaidar sun isa zango na gaba. Masu zane kuma sukan zana fuskar baƙo bai sani ba, in ya yi laifi ya gudu a rarraba hoton cikin garuruwa. Duk wanda ya taɓa kwana a hanya da fargabar ƴan fashi ya san darajar wannan, ko da yake, a ganinmu, baƙon da aka ƙirga numfashinsa haka ba ya sakewa.

Shi ma bai sake ba. Duk da cewa manyan birane na da unguwar Musulmi da masallaci da alƙali, ya faɗa ba ɓoyo cewa ƙasar ba ta kwanta masa a rai ba. A sauran wurare iliminsa na fiƙihu ke buɗe masa ƙofar fada, a nan kuwa shi ba kowa ba ne. Yana ganin naman alade a kasuwa, sai ya riƙa zama cikin gida. Ranar da ya haɗu da wani malami mai suna Al-Bushri, mutumin Sabta kusa da Tanja, kuka suka yi su biyun. Ƴan kasuwarmu masu zuwa sayayya Guangzhou, birnin da shi ma ya ce ya shiga, za su fi mu gane wannan kewa.

Akwai inda masana ke ja da shi. Ya ce ya je har Beijing ya halarci jana'izar sarki, alhali sarkin wancan zamani, Toghon Temur, bai mutu ba sai 1370. Shi ya sa da yawa ke ganin wannan sashe labarin ji ne. Tun yana raye ma, Ibn Haldun ya ruwaito cewa a fadar Fas ana raɗe-raɗin yana ƙari a labaransa na Indiya.

A hanyar gida ya tarar da annoba a Sham a 1348, can ya ji mahaifinsa ya rasu tun shekara 15. Mahaifiyarsa ta cika ƴan watanni kafin ya isa Tanja a 1349. Bai zauna ba. A 1352 ya ƙetare Sahara, a Sijilmasa ya sauka gidan ɗan'uwan Al-Bushri ɗin nan na Sin. Ya ga Mali ta Mansa Sulaimana, Tumbuktu da Gao, a 1353 ya iso Takadda, wadda masana ke dangantawa da kufan Azelik a jihar Agadas. Ya ambaci tagullar garin da ake kai wa Barno da wata ƙasa Kubar, wadda ake fassarawa da Gobir. Daga nan ya bi ta Abzin ya koma Fas.

Sarki Abu Inan ya sa ya yi ta faɗa, marubuci Ibn Juzayy na rubutawa, aka kammala littafin Rihla a 1355. Ibn Batuta ya rasu a Maroko wajajen 1369.