Dokta Jeanette Troup: Likitar da Ta Ba da Ranta a Binciken Zazzaɓin Lassa

Garin Lassa da ke arewa da Mubi sananne ne ga 'yan'uwa, domin asibitin da mishan ya kafa a can ya daɗe yana hidima ga jama'ar wannan yanki. Duniya kuwa ta san sunan garin ne ta dalilin wani zazzaɓi. A cikin waɗanda suka fara gano wannan cuta akwai Dokta Jeanette Troup, wadda bincikenta ya zama ajalinta.

An haife ta a Amurka a shekarar 1923. Bayan ta gama karatun likita, ta amsa kiran Ubangiji ta zo Nijeriya ƙarƙashin mishan na SIM. Ta yi shekaru masu yawa tana aiki a Jos, a asibitin Bingham da kuma asibitin Evangel, wanda aka fi sani da Jankwano.

A watan Janairu na 1969, Laura Wine, ma'aikaciyar jinya ta mishan ɗin 'Yan'uwa a Lassa, ta kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Aka kai ta Jos a jirgin sama, amma ta rasu a hannun Dokta Troup. A watan Fabrairu, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Dokta Troup ta feɗe gawar Shaw don a san musabbabin mutuwar, Lily Pinneo na taya ta. Ba a jima ba Pinneo ta kwanta. Aka ɗauke ta zuwa birnin New York, inda ta warke bayan doguwar jinya.

Da jinin waɗannan mata ne masana na Jami'ar Yale suka gano sabuwar ƙwayar cutar, suka raɗa mata sunan Lassa. Can ma aikin bai tafi lami lafiya ba. Dokta Jordi Casals ya kamu, aka ƙara masa ruwan jinin Pinneo, ya tashi. A ƙarshen 1969 wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Juan Roman, ya mutu. Sai jami'ar ta daina aiki da ƙwayar mai rai, aka mayar da binciken Atlanta, inda ake da ɗaki mai tsaro sosai.

A farkon 1970 cutar ta ɓarke a asibitin Evangel. Fiye da mutum 20 suka kamu, fiye da 10 suka mutu. Dokta Troup ta fi kowa sanin haɗarin taɓa gawar wanda wannan zazzaɓi ya kashe, amma ta ga idan ba a tabbatar da abin da ke kashe mutane ba, babu yadda za a tsare sauran. Ta ɗauki aikin da kanta. Tana cikin feɗe wata gawa sai wuƙa ta yanke ta a yatsa. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama ta. Pinneo ta taso daga Amurka don a yi mata magani da ruwan jininta, amma kafin ta iso Jos, Dokta Troup ta riga ta huta a ranar 18 ga Fabrairu, 1970, tana da shekara 46.

Rayuwarta ta bar wa Ekklesiya tambayoyi masu nauyi. Na farko, wa zai ɗauki haɗarin bincike? Ita ta ɗora wa kanta, ba ta tura na ƙasa da ita ba. Wannan ya bambanta ƙwarai da abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, iyaye kuma suka kai ƙara cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007 da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 sun hana a yi bincike a jikin mutum sai an yi masa cikakken bayani ya kuma yarda.

Na biyu, sadaukarwar ma'aikaci ba ta sauke wa hukumar asibiti nauyin kare shi. Safar hannu, rigar kariya da ɗakin keɓe mai cuta haƙƙi ne na mai jinya.

Na uku, an rubuta sunayen Turawan da suka mutu, amma 'yan ƙasa da cutar ta kashe a Jos adadinsu kawai aka fi ambata. A gaban Allah kuwa ransu ɗaya ne. Mutanen Lassa ma sun ɗauki nauyin sunan cutar. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar. Iyalin da ke rufe abincinsu, su kuma gaggauta kai mai zazzaɓi asibiti, suna cin moriyar aikin da wannan baiwar Allah ta mutu a kansa. Bari shugabannin asibitocin Ekklesiya su girmama ta ta wurin kare masu jinya da mutunta yardar marar lafiya.