Maryam Babangida: 'Yar Asaba Da Ta Zama 'Yar Minna

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Ran 6 ga watan Satumba na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka ɗaura auren wani matashin hafsan soja ɗan Minna, Ibrahim Badamasi Babangida, da wata yarinya 'yar Asaba. Angon bai daɗe da tashi daga jinya ba, don kuwa a shekarar ne harsashi ya same shi a ƙirji a bakin dāga. Amarya kuwa, shekara biyu ke nan da aka yi wa mazajen garin mahaifinta kisan gilla, cikin Oktoba na 1967. 'Yan'uwanmu mazauna Kurmi sun fi kowa sanin nauyin irin wannan aure a wancan zamani.

An haife ta ran 1 ga Nuwamba 1948. Mahaifinta, Leonard Okogwu, Ibo ne. Mahaifiyarta, Hajiya Asabe, 'yar Arewa ce. Ta yi karatu a Kaduna, a makarantar da ake kira Sarauniya Amina, ta kuma koyi aikin sakatariya. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu.

Da mijinta ya zama Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa, sai ta shugabanci ƙungiyar matan hafsoshi. Ran 27 ga Agusta 1985 ya karɓi mulki, suka tare a Barikin Dodan, a Ikko. Kafin ita, matar shugaba ba a cika jin duriyarta ba. Maryam kuwa sai ta buɗe ofis, a 1987 ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara: ƙungiyoyin gama-kai, injin niƙa, yaƙi da jahilci, da kasuwar baje koli. Duk wanda ya taɓa ganin matan Gwari na ƙauyukan Tagwai ɗauke da itace da doya a kafaɗa, sun nufo kasuwar Minna, ya san wa ake nufi. A 1991 ita da Wangari Maathai ta Kenya suka raba wata lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa.

To, amma fa ta sha suka. Mutane suka ce matan gwamnoni da ado da leshi sun fi matan ƙauye cin moriyar shirin, alhali talaka na fama da tsadar da matakan tsuke bakin aljihu suka jawo. A ganina akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da aka ƙirƙiro Jihar Delta a 1991 aka kai hedkwata Asaba, sai aka yi ta cewa don ita aka yi.

Zaman fadar ma bai zo da sauƙi ba. Daren 22 ga Afrilu 1990 sojojin Manjo Gideon Orkar suka yi wa Barikin Dodan ruwan wuta, aka kashe dogarin mijinta, U.K. Bello, ita da yara suka sha da kyar.

Bayan ya sauka a 1993 suka dawo gidansu na kan dutse a Minna, inda ta mai da hankali ga makarantarta ta El-Amin. Ciwon daji ya kama ta, ta rasu a Los Angeles ta Amurka ran 27 ga Disamba 2009, tana da shekara 61. Aka kawo gawarta Minna, aka yi mata sutura a nan.