Charles Buchan: Daga Filin Ƙwallo Zuwa Gidan Rediyo

Duk ranar Asabar da yamma, in ka bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa a nan birnin Katsina, za ka iske samari sun cika gidajen kallon ƙwallo maƙil, wasu sanye da jar rigar Arsenal. Ni ma ina cikinsu, ba na ɓoyewa. Kakana kuwa ba ya zuwa. Shi sai dai ya kishingiɗa a zaure da 'yar rediyonsa, don a cewarsa da kunne ya ga Nijeriya ta ci Aljeriya 3-0 a Legas a 1980, ta bakin Ernest Okonkwo, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Wannan ne ya sa na shiga binciken yadda aka fara jin ƙwallo a rediyo, har na ci karo da mutumin da zan ba ku tarihinsa.

An haifi Charles Buchan a unguwar Plumstead ta birnin Landan a 1891. Yana saurayi ya shiga kulob ɗin unguwarsu, Woolwich Arsenal, watau Arsenal ta yau. Bai daɗe ba suka ɓata a kan sule 11 da ya nema a biya shi na ɗawainiyar da ya yi, aka hana shi, ya yi zuciya ya tafi. Ku riƙe wannan sule 11, za mu dawo gare ta.

A 1911 kulob ɗin Sunderland ya saye shi daga Leyton a kan fam 1,200. Dogo ne, gwanin sa kai, ga wayo. Da shi suka zama zakarun Ingila a 1913. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai ya shiga soja, ya je fagen fama a Faransa, har aka ba shi lambar jaruntaka. Bayan yaƙi ya taɓa koyarwa a makaranta, ya buɗe kantin kayan wasanni, yana kuma ci gaba da buga wa Sunderland, inda ya ci ƙwallo 209 a gasar lig.

To, a 1925 sai sabon manajan Arsenal, Herbert Chapman, ya zo nemansa, alhali kuwa yana da shekara 33. Sunderland ta sa masa fam 4,000, Arsenal ta ga tsada. Aka daidaita a kan fam 2,000, sa'an nan duk ƙwallon da ya ci a shekarar farko a ƙara fam 100. Ya ci 21. Mai karatu, yi lissafi da kanka: fam 4,100 ke nan Arsenal ta biya don ta dawo da yaron da ta saki saboda sule 11.

A wannan shekara ce aka sassauta dokar satar gida, ƙwallaye suka riƙa shiga raga ba ƙaƙƙautawa. Da Newcastle ta lallasa Arsenal 7-0, Buchan ya matsa wa Chapman a kan a janye ɗan wasan tsakiya ɗaya ya koma tsakanin 'yan baya biyu, su zama uku. Aka gwada, kwana biyu bayan haka suka ci West Ham 4-0. A nan ne na gane ba ƙafa kaɗai gare shi ba. Yana cikin wasa yana karanta wasan, kuma yana iya bayyana wa wani abin da ya gani har ya fahimta.

Ranar 22 ga Janairu, 1927, gidan rediyon BBC ya fara watsa wasan lig kai tsaye, daga filin Highbury, tsakanin Arsenal da Sheffield United. Da yake mutane ba su saba ba, sai aka buga taswirar filin a mujallar Radio Times, aka raba shi gida takwas, kowane da lambarsa. Mai sharhi, Teddy Wakelam, yana bayani, wani a gefensa yana kiran lambar gidan da ƙwallo take. Aka tashi 1-1. Wanda ya fara jefa ƙwallo a raga a ranar kuwa shi ne kyaftin ɗin Arsenal, Charles Buchan. Ashe gidan da ya kira sunansa a ranar nan, can ne za a riƙa jin muryarsa nan gaba.

Ya ajiye takalmi a 1928. A zamanin doka ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 8 a mako, saboda haka ba wanda yake barin fili da dukiyar da za ta riƙe shi har tsufa. Da yawa daga cikin tsararsa sun koma ƙananan sana'o'i, aka manta da su. Shi kuwa ya ɗauki alƙalami, ya zama marubucin wasanni a jaridar Daily News, wadda daga baya ta koma News Chronicle, kuma BBC ta riƙa sa shi yana yi wa masu sauraro sharhin wasanni. A ganina nan ne ribar tsohon ɗan wasa take. Mai sharhin da bai taɓa bugawa ba zai gaya maka an ci. Wanda ya buga zai gaya maka kuskuren da aka yi tun kafin a ci. Mu da muke cika teburin mai shayi da gardama, yawancinmu na farkon ne.

Abin ya taɓa ni don wani dalili. Burina in buga wa Katsina United, mahaifina kuwa kullum yana tuna mini cewa gwiwa ba ta kai mutum shekara 40 a fili. Da na kawo masa labarin Buchan don in kare kaina, sai ya tambaye ni ko mutumin da ƙafa ya rubuta jaridar, sa'an nan ya nemi ganin makina na Hausa da Ingilishi. Ban sami ta cewa ba, har yau ma ba mu gama maganar ba.

A 1947 Buchan yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marubuta ƙwallon ƙafa ta Ingila, shi ne kuma ya kawo shawarar a riƙa zaɓen gwarzon ɗan wasa kowace shekara. Stanley Matthews ne ya fara samu a 1948. A 1951 ya soma fitar da mujalla ta wata-wata mai ɗauke da sunansa, wadda yaran makaranta suka riƙa rububinta don hotunan 'yan wasa. Shekara 32 ya yi a wannan aiki na baki da alƙalami, fiye da waɗanda ya yi yana guje-guje a fili. Ya mutu a Monte Carlo, inda ya je hutu, ranar 25 ga Yuni, 1960, yana da shekara 68, saura wata uku Nijeriya ta sami mulkin kai.