Jean Riolan, Likitan da Ya Musa wa Harvey

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauta a cikin birnin Kano ya ga wani siririn tantani da ke riƙe da hanjin dabba, jijiyoyi sun bazu a cikinsa kamar saiwar itace. Mu ma haka cikinmu yake, kuma ɗaya daga cikin jijiyoyin nan tana ɗauke da sunan mutumin da za mu ba da tarihinsa.

An haifi Jean Riolan a Faransa wajen ƙarshen ƙarni na 16. Mahaifinsa ma likita ne. Ya shahara a birnin Faris wajen feɗe gawa da koyar da ɗalibai sassan jiki, har ya zama likitan Marie de Medici, mahaifiyar Sarki Louis na 13.

A shekarar 1628 William Harvey, mutumin Ingila, ya nuna cewa zuciya ce ke tura jini ya zaga jiki ya dawo. Riolan bai yarda da dukan bayanin ba, domin ya riƙe koyarwar Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, cewa a hanta ake yin jini. A littafinsa na 1648 ya amince jini yana zagayawa a manyan jijiyoyi, amma ya dage cewa na hanji ba ya zagayawa. Harvey ya mayar masa da amsa a rubuce a 1649, kuma gaskiya tana wajen Harvey.

Yau mun san cewa jijiyoyi biyu ne ke fitowa daga babbar jijiyar jini ta ciki suna ciyar da babban hanji. Ta sama tana kai jini ga ɓangaren dama da yawancin tsakiya, ta ƙasa kuwa ga ɓangaren hagu. A wasu mutane akwai wata jijiya da ke haɗa su, wadda ake kira bakan Riolan. Idan ɗaya ta toshe, ko likitan tiyata ya ɗaure ta, ta nan jini ke bi don kada hanji ya ruɓe. Wato sunansa ya zauna a daidai wurin da ya ce jini ba ya zagayawa.

Riolan ya rasu a 1657, shekarar da Harvey ma ya rasu. Mu ɗalibai sai mu koyi naciyarsa a kan aiki, mu guji taurin kansa idan hujja ta bayyana.