József Kürschák, malamin da gasar lissafi ta gaji sunansa

An haifi József Kürschák a Buda ta ƙasar Hangari a 1864. Ya koyar a sakandare kafin ya koma Jami'ar Fasaha ta Budapest.

A 1894 aka kafa gasar lissafi ta matasan da suka kammala sakandare, don karrama sabon ministan ilimi, Loránd Eötvös. Tambayoyi uku ne kacal cikin awa huɗu, kuma an yarda ɗalibi ya buɗe littafi, domin hadda ba ta fisshe shi. Hujja ake nema, daki-daki.

Kürschák ya tattara tambayoyin da warwararsu a 1929, littafin da masu shirin gasa ke nazari har yau. Ya rasu a 1933. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sauke sunan ministan daga gasar, aka ɗora na malamin.